Yadda ake sauka tsibiri a tafkin Lagdo ba tare da an fasa jirgi ba

Tsibiran tafkin Lagdo, a arewacin Kamaru, kawunan duwatsu ne da tuddai da ruwa ya kewaye bayan an datse kogin Binuwai da dam ɗin da aka kammala a 1982. Abin da ke ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa tsohon daji ne: faffaɗan dutse, da kututturan bishiyoyi da har yau suke tsaye. Shi ya sa ɓarna ta fi aukuwa a 'yan mitocin ƙarshe kafin gaɓa. Kuma ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Yana cika wajen Satumba da Oktoba, ya ja baya sosai a Mayu da Yuni, don haka inda aka sauka lafiya da kaka yana iya zama kan dutse da bazara.

Lissafin mai tun daga tasha ake yinsa. A raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi sai iska ta juya. Injin da ake haɗa wa mai da baƙin mai, irin Yamaha mai ƙarfin doki 40, tankin lita 25 rabin lita na baƙin mai yake ci. A ɗauki filogi na canji, gora mai tsawo, filafilai biyu, bokitin kwarfe ruwa, wuƙa, da rigar ruwa ga kowa har yara. Katin ɗan ƙasa ya kasance cikin leda a aljihu.

In an doshi tsibiri, a zagaya ta gefen da iska ba ta bugawa. Da saura kamar mita 50 a rage wuta, mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana soka gora yana faɗin zurfi. Ruwa ya kai ƙugu, a kashe inji a ɗaga shi, a ƙarasa da gora. Direban da ya ce zai shiga da inji har bakin yashi ganganci yake yi, don farfela na bugun kututture sau ɗaya ta lanƙwashe. Tsohuwar raga ma mugun abu ce: zaren yana naɗewa a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga man giya. A riƙa duba ɗan ruwan da inji ke fitsarwa ta baya. In ya ɗauke, leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa, a kashe nan take kafin inji ya ƙone.

Ɗauri biyu ake yi. Kafin a taɓa ƙasa a jefa anga ta baya, igiyarta ta ninka zurfin wurin sau biyar, sannan a ɗaure goshi a jikin bishiya ko babban dutse. Da igiya ɗaya, taguwar ruwa za ta juya jirgin ta riƙa goga cikinsa a dutse. Mutum ɗaya ya zauna gadi.

Inda aka ga faffaɗan sawu mai yatsu huɗu da kashi a watse kan ciyawa, hanyar dorina ce, a canza wuri. Kada a taɓa shiga tsakaninta da ruwa. Wanka a gaɓa mai ciyawa kuwa tsargiya ake kwasowa.

A tsibirin da ke da mutane, kamar wanda ake kira Madagaskar, ba a fara yawo sai an gaida jauro, wato mai gari, ko sarkin ruwa. A ce: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Garwa, mun zo ganin gari." Goro ko sukari ya isa gaisuwa. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mata a wurin bandar kifi. A kan duwatsu a sa takalmi rufaffe, kada a zura hannu cikin kogo saboda maciji da kunama. Mai son ganin agwada ya zauna shiru da hantsi, za su fito shan rana.

A sa lokacin tashi tun kafin a watse, a bar aƙalla awa biyu kafin magariba, don da duhu ba a ganin kututture ko alamar raga. Da damina, in hadari ya haɗu ta gabas, a ƙara ɗaure jirgi a jira ya wuce, ko da kwana zai kama.