Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kan p53, da yadda za a gyara su

Duk ƙarshen zango, in na zauna duba takardun ɗalibaina a nan Birnin Kebbi, akwai tambayar da ke sa ni ajiye jan biro in nemi ruwa: mene ne aikin p53 wajen rabuwar ƙwayar halitta? Amsoshin sai ka ce an haɗa baki, kuma wuraren da ake zamewa ba sa canzawa.

Tun daga suna ake fara tuntuɓe. TP53 ƙwayar gado ce, wato rubutu a cikin DNA, a kan gajeren hannun kuromozom (ƙunshin DNA) na 17. Shi kuwa p53 furotin ne da ake ƙerawa da wannan rubutun. Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, don da Hausa mukan kira abin da ke rabuwa da abin da ake gada duk da suna ɗaya. A ajina na raba gardama: ƙwayar halitta ita ke rabuwa, ƙwayar gado rubutu ce a cikinta. Lambar 53 kuma ba kuromozom take nufi ba, 46 kacal gare mu. Ba yawan amino asid, wato tubalan da aka gina furotin ɗin da su, ba ne, su 393 ne. Nauyin da awon farko ya nuna ne, kilodalton 53. Daga baya aka gano bai cika 44 ba, amma suna ya riga ya bi shi.

Babban kuskuren shi ne a rubuta cewa p53 ke tura ƙwaya ta rabu, ko shi ke kawo sankara. Ba na yi wa mai wannan amsa faɗa sosai, domin manyan masana ma sun shekara goma a kanta. A 1979 David Lane da Lionel Crawford a Landan, da Arnold Levine a Amurka, suka gano furotin ɗin. Ganin ya taru jingim a ƙwayoyin sankara, sai aka ɗauka shi ne mai laifi. Sai a 1989 Bert Vogelstein da abokan aikinsa, suna binciken sankarar hanji, suka nuna cewa wanda ke cikin ƙari lalatacce ne. An tarar da mai gadi a gidan da aka yi sata aka ce shi ne ɓarawon, ashe ɗaure shi aka yi. Kusan rabin sankarar ɗan Adam za ka iske TP53 ta lalace a ciki.

Ga abin da nake zanawa a allo. Ka ɗauki ƙwayar da ke shirin kwafe DNA ɗinta kamar mota a hanyar Jega, ta iso shinge a ƙarshen matakin G1, wato matakin girma kafin kwafe DNA. In an ga ɓarna a DNA, p53 ne jami'in da ke ba da oda. Ba shi ke jawo katako mai ƙusoshi ba. Yana kunna wata ƙwayar gado ne a ƙera p21, shi kuma p21 ya riƙe furotin ɗin CDK masu tura motar gaba. Mota ta tsaya, masu gyara su duba. In ta gyaru a buɗe hanya. In ɓarnar ta wuce gyara, p53 ya kunna irin su BAX da PUMA, ƙwayar ta kashe kanta cikin tsari. Duk wanda ya rubuta mini sunan p21 a wurin da ya dace, ya riga ya kwashi rabin makin. Wanda ya ce p53 da hannunsa yake ɗinke DNA, ya mai da jami'i bakanike.

Wata ɗaliba 'yar Argungu ta taɓa ɗaga hannu. "Malam, mi yas sa bai hana ma lafiyayyun ƙwayoyi rabuwa, tunda kullum yana nan?" Na ji daɗin tambayar, don ta tono wani kuskuren: ba kullum yake nan da yawa ba. Wani furotin, MDM2, yana sa masa alama a rushe shi jim kaɗan da ƙera shi. Sai DNA ta samu rauni ake sakin masa mara ya taru. Wannan dabarar ce ƙwayar cutar HPV ta sata: furotin ɗinta E6 yana sa a rushe p53 ko da akwai ɓarna, hanyar sankarar bakin mahaifa ke nan. Rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023 na HPV ɗin ne.

Kuskuren da ya fi damuna ba a takarda ya tsaya ba. Da an ji "ƙwayar gado" sai a ce gado ne daga iyaye, ba yadda za a yi. Akwai masu gadonta a lalace, ciwon Li-Fraumeni, amma tsiraru ne ƙwarai. Mafi yawan lalacewar a rayuwa ake samunta, a ƙwaya ɗaya, wani lokaci daga hayaƙin taba ko wata guba.

Ɗaya daga cikin gubar tana cikin rumbunanmu. Gyaɗa ko masarar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba takan yi funfuna, funfunar ta fitar da afalatoksin. Gubar nan ta san wurin da take sara a TP53 ta hanta, gurbi na 249, kuma an ga tabonta a masu sankarar hanta a Gambiya da kudancin Sin. In ta haɗu da ciwon hanta na B, haɗarin ya ninka. Da damina nakan zo aji da gyaɗa cikin leda, in zube ta a kan tebur, in ce su tsince masu ɗaci da motsattsu da masu kore-kore a ɓawo. Wani yakan ce, "Ai Malam, in an soya an yi ƙuli shi ke nan." Ba shi ke nan ba. Suya ba ta cinye afalatoksin, kuma tunkuzar da aka matse mai ta fi man riƙe shi.