Yadda ake zaɓen girman wili da tayar hunturu ga motar haibrid

Duk wanda ke tuƙa motar haibrid, wato mai haɗa injin fetur da batir, a garuruwa irin su Toronto, Montreal, Minneapolis ko Munich, zai lura cewa tayar da motar ta zo da ita daga kamfani ba ta son sanyi. An ƙera ta ne domin ta gangara da sauƙi, motar ta rage shan mai. Robarta ba ta da laushi sosai, kuma da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selsiyos sai ta ƙara ƙandarewa, riƙonta ya ragu ko da titi a bushe yake.

Akwai kuma halin motar kanta. A Toyota Prius, idan tayar gaba ta fara juyawa a banza kan ƙanƙara, kwamfuta tana yanke ƙarfi nan take don kare injin lantarkin, sai ka ga ka danna totur a hawa amma motar ta ƙi gaba. Wajen tsayawa ma, birkin da ke cajin batir ta tayoyin gaba yake aiki. In sun zame, kwamfuta ta sake shi ta koma birki na gama-gari, direba ya ji kamar motar ta kuɓuce masa na ɗan lokaci. Taya mai riƙo ce ke rage duka biyun.

Ƙa'idar zaɓen a taƙaice: ƙaramin wili, taya siririya mai tsayin gefe, amma tsayin tayar gaba ɗaya kada ya kauce wa na asali.

Fara da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke nuna girman tayar motar. Prius ta 2010 zuwa 2022 tana zuwa da ɗaya cikin girma biyu: 195/65R15 ko 215/45R17. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman wili a inci. Lissafin ba wuya. A 195/65R15, gefe ɗaya kashi 65 ne na 195, wato milimita 126.75. Ka ninka biyu, ka ƙara inci 15 da ya zama milimita 381, ka sami kusan 634. In ka yi wa 215/45R17 haka za ka sami 625. Bambancin kashi 1.5 ne cikin ɗari, kuma masu taya suna ɗaukar kashi 3 a matsayin iyaka. Don haka mai Prius da ta zo da inci 17 ya sayi wili mai inci 15 na hunturu hankalinsa kwance, tunda kamfanin da kansa ya sa wa motar wannan girman.

In aka wuce iyakar, maleji zai riƙa nuna gudun da ba shi ba ne, na'urar hana santsi tana aiki da lissafin da ya karkace, taya mai tsayi kuma ta riƙa goga jikin mota idan an lanƙwasa sitiyari har ƙarshe ko dusar ƙanƙara ta cushe bayan taya. Wadda ta gaza tsayi kuwa ƙara duƙar da motar za ta yi, alhali Prius dama can ba ta da tashi daga ƙasa, cikinta kan hau dusar da ba a kwashe ba.

Me ya sa siririya? Nauyin mota yana taruwa a wuri kaɗan, sai tayar ta keta dusa da ruwan ƙanƙarar da ya narke ta isa titi, mai faɗi kuwa tana iya hawa kansu ta yi iyo. Tsayin gefe kuma kariya ce daga ramukan da sanyi ke fasawa a kwalta. Gefen 215/45 bai kai milimita 97 ba, rami ɗaya na iya lanƙwasa wilin. Ga sauƙin kuɗi, ga shi taya siririya ba ta cin mai kamar mai faɗi. Amma kada a zarce. Wasu kan sauka zuwa 185/65R15, tsayinta 621, lissafi ya yarda, sai dai yawancinsu lambar ɗaukar nauyinsu 88 ce, wato kilo 560 kowace taya. Lambar da ke takardar ƙofa ita ce mafi ƙaranci, ba a sauka ƙasa da ita, musamman a motar da ke ɗauke da batir. Tayar hunturu mai 195/65R15 yawanci 91 ce, kilo 615, ko sama da haka.

Wili shi ne inda aka fi asarar kuɗi. Prius ta 2010 zuwa 2022 ramukan notinta 5x100 ne (ramuka 5 a da'ira mai faɗin milimita 100), ramin tsakiya milimita 54.1, noti M12x1.5 (lambar kaurinsa da zarensa), wilin inci 15 kuma faɗinsa inci 6 da lambar ET 45 a ta 2010 zuwa 2015, inci 6.5 da ET 40 a ta 2016 zuwa 2022. Wannan ET ita ce ke nuna yadda wili ya shiga ciki ko ya fito waje. In ya fito da yawa, taya ta goga bakin jiki, boris ya sha wahala. In ya shige, ya taɓa shokazoba. Daga 2023 Toyota ta canza komai: ramuka 5x114.3, tsakiya 60.1, taya 195/60R17 ko 195/50R19. Wilin tsohuwar Prius ba zai shiga sabuwa ba ko da kuwa ramukan biyar ne duka, kuma wannan kuskure ya zama ruwan dare ga masu sayen na hannu a intanet. Girman 195/60R17 ba kowane shago ke da shi ba, shi ya sa wasu ke sa 215/55R17, wadda tsayinta 668 ne, na asali kuma 666. Wanda ke son sauka zuwa wilin da kamfani bai taɓa sa wa motar ba, ya sa a gwada ɗaya a gaba tukuna, a juya shi da hannu a ga bai taɓa kan birki ba.

Wilin ƙarfe ya fi dacewa da titin da ake zuba wa gishiri: zai yi tsatsa, amma yana da arha kuma ana iya miƙe shi in ya lanƙwashe. A kula da noti. Wilin alminiyom na Toyota noti mai wasa, mai lebur ɗin gindi, yake amfani da shi, yawancin wilin kasuwa kuwa mai tsinin gindi suke so. In aka haɗa su ba daidai ba, noti na iya kwancewa a hanya. Wilin da ramin tsakiyarsa ya fi na motar faɗi yana buƙatar zoben cikewa, in ba haka ba sitiyari ya riƙa karkarwa a babban titi. Ana ɗaure notin Prius a 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) da sifana mai awo, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 100.

Tayar kanta ka nemi mai alamar dutse mai ƙololuwa 3 da hoton dusar ƙanƙara a ciki. Rubutun M+S, wato taɓo da dusa, shi kaɗai bai wadatar ba. A Jamus tun 1 ga Oktoban 2024 ba a lissafa shi a matsayin tayar hunturu. A lardin Kebek na Kanada tayar hunturu dole ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a lardin Ontario ba dole ba ce amma kamfanonin inshora suna rage kuɗi. Michelin X-Ice Snow, Bridgestone Blizzak WS90 da Nokian Hakkapeliitta R5 duk ana samun su a 195/65R15. Huɗu za ka saya, ba biyu ba. Mai sa sababbi a gaba kaɗai yana jawo wa kansa bayan mota ya wulwulo a kwana. Wannan ya shafi mai jan ƙafa huɗu ma, don ƙarin injin da ke baya wajen tashi yake taimakawa, ba ya rage nisan tsayawa.

In ta hannu ce, duba lambobi 4 na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya: 3821 na nufin an ƙera ta a mako na 38 a 2021. Wadda ta haura shekara 6, ko zurfin zanenta ya gaza milimita 4, a bar ta.

Sabon wili ba ya zuwa da na'urar awon iska. Ko ka sayi 4 a yi musu rajista da motar, ko ka haƙura da fitilar gargaɗi har bazara kana auna iska da kanka. Iska tana raguwa kusan psi 1 (ma'aunin iskar taya) duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, don haka a auna da safe kafin a motsa motar. Prius ta 2010 zuwa 2015 mai inci 15 tana son 35 a gaba, 33 a baya. Shan mai zai ƙaru a hunturu ko da wace taya ce, saboda injin fetur na yawan tashi don ɗumama kansa da cikin mota, kada ka cika wa tayar iska fiye da kima don ramawa, riƙonta za ka rage.