Yadda ake tarbar guguwar ƙanƙara a Amurka, ga wanda hunturu kaɗai ya sani

Bahaushen da ya sauka Amurka yakan ɗauka ya san sanyi, tunda ya sha hunturun Kano ko na Damagaram. Iskar da ke gangarowa daga yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, ba sa'ar hunturu ba ce. A ƙarshen Janairun 2019, sanyi a birnin Shikago ya kai kusan maki 30 ƙasa da sifili a ma'auninmu. Kudu ma ba mafaka ba ce: a Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da lantarkin jihar Tekzas, miliyoyin gidaje suka kwana a duhu, mutum sama da 200 suka rasu.

Da farko ka koyi karanta lambar da wayarka ke nunawa. Amurkawa da ma'aunin Farenhait suke aiki: 32 a wurinsu shi ne sifilinmu, inda ruwa ke daskarewa. In ka ga sifili a nasu, to an kai kusan 18 ƙasa da sifili a namu.

Da zarar hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗi, yi cefanen kwana uku tun kafin a wawashe kantuna. Ruwan sha, kusan lita huɗu ga kowane mutum a rana. Abinci kuwa wanda ba sai an ɗora tukunya ba: dabino, gyaɗa, garin kwaki, burodi, kifin gwangwani. Haɗa da tocila da batir da maganin mai shan magani, ka cika waya da caji, mota da mai.

A gida, bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ka buɗe ƙofar durowar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututu. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ya fasa bututun, sai ranar da gari ya sake ka ga ɗaki ya zama tafki. Tun yanzu ka tambayi mai gidan haya inda makunnin da ke tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya yake.

In an ɗauke wuta, a taru a ɗaki ɗaya, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a sha bargo. A nan ne abin da muka saba a gida yake cutar da mu. Mun taso muna ganin an shigo da kaskon garwashi ɗaki, yara sun kewaye shi suna jin ɗumi. A gidan Amurka, wanda aka liƙe ko'ina don kada iska ta shigo, wannan kasko ajali ne. Gawayi yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai take fara sa wa, da jiri, da tashin zuciya, sai barci ya ɗauke mutum. A guguwar Tekzas ta hallaka mutane a cikin gidajensu. Saboda haka ba gawayi a ɗaki, ba ɗumama gida da murhun gas, ba kunna mota a garejin da ke rufe. Janareto a waje, nesa da taga da kamar mita shida. Sayi na'urar da ke ƙara in ta shaƙi wannan iska, mai aiki da batir. In mutanen gida sun soma kukan ciwon kai a lokaci ɗaya, a fita waje a kira 911, lambar agajin gaggawa.

Fita in ta zama dole, riguna uku a jere sun fi ƙatuwar riga ɗaya. Rufe kai da kunne da yatsu, kuma bayan alwala ka tsane jiki sarai. Yatsan da ya yi fari ya daina ji, kada a murza shi, kada a kara shi a wuta. A tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Mota kuwa, haƙura da tafiyar ya fi. A Disambar 2022 guguwa ta kashe mutum sama da 40 a yankin birnin Bafalo na jihar New York, wasu a cikin motocinsu aka same su. In ka maƙale, zauna a ciki, kada ka ce za ka taka da ƙafa. Kunna injin kamar minti goma a kowace awa, ka ɗan sassauta gilashi, kuma kafin kowace kunnawa ka fita ka yashe ƙanƙarar da ta toshe bakin salansa, don kada iskar gubar nan ta taru a cikin motar.