Kiwon tsutsar dankali mai ƙaho: kurakuran da na gaji da gani

Kowace damina sai wani ɗalibi ya kawo mini kwalba da matacciyar tsutsa a ciki, yana cewa, "Malam, ban san me ya same ta ba." Tsutsar nan ce mai kaurin yatsa da ke cin ganyen dankalin Hausa, mai ƙaho a wutsiya, wadda masana ke kira Agrius convolvuli. Ita ce ke rikiɗa ta zama ƙaton malam-buɗe-littafin dare, ruwan toka, cikinsa da ratsin baƙi da ja-ja, faɗin fukafukansa ya kai santimita 10. Akwai shi a Afirka da Asiya da Ostareliya, yakan kuma tsallaka har Turai.

Ƙahon ba ya harbi, ku daina datse shi. Koriya da mai ruwan ƙasa duk iri ɗaya ne. Ganye kuma sabo kullum, ban da wanda aka yi wa feshi.

Abin da ya fi kashe su shi ne rashin ƙasa. Bayan sati uku zuwa huɗu tana ci, sai tsutsar ta ƙi abinci, ta dinga zagaye kwalba ba hutawa. Lafiyarta ƙalau, wurin nutsewa take nema, domin a cikin ƙasa take rikiɗa. Shekarar da na fara, guda bakwai na rasa a haka. Ina ta tura musu ganye, suna ta yawo, har suka yanƙwane a gindin kwalba. Har yau abin yana ci mini rai. Yanzu bokiti nake cikawa da ƙasa mai laushi, zurfin taƙi guda, mai ɗan danshi, ba caɓi ba.

Sai masu tono. Haba! Ta shiga jiya, yau ka sa tsinke kana leƙe? Bayan 'yan kwanaki za ta zama kamar dabino, da wani lanƙwasasshen abu a ka kamar mariƙin buta. A cikinsa dogon bakin da malam-buɗe-littafin zai sha ruwan fure da shi yake, wanda ya fi jikinsa tsawo. Ka karya shi, ka gama da ƙwaron. Ni sai sati ya cika nake dubawa, da cokali.

Ku kafa kara a bokitin. Idan malam-buɗe-littafin ya fito bayan sati biyu ko uku, sai ya rataya kafin fukafukan su miƙe, in ba haka ba su bushe a cukurkuɗe. Ku sake shi da magariba.