Ruwan gishiri da sukari: inda ake kuskure wajen haɗa shi

Yanka tumatir ki barbaɗa masa gishiri, ki bar shi minti goma. Za ki tarar ya tsatso ruwa a faranti. Kowace ƙwayar halitta, ta tumatir ko ta jikin ɗanki, naɗe take da wani siririn tantani, kuma ruwa yana ratsa shi ya bi inda gishiri ko sukari suka fi yawa. Masana suna kiran wannan osmosis. A nan yawancin kurakuranmu suke idan yaro ya kamu da gudawa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zabga sukari a ruwan gishiri da sukarin da ake ba yaro. Uwa ta ga yaro ya galabaita, ta ƙara cokali don ya yarda ya sha, ko ta buɗe masa lemon kwalba. Sai cikin hanjinsa ya fi jininsa kauri, ruwan jikinsa ya kwararo cikin hanji kamar na tumatir ɗin nan, gudawa ta ƙaru. Tausayi ne ya sa, amma yaron ne ke ƙara bushewa. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage kaurin nata haɗin gishiri da sukarin, wanda ake kira ORS, a 2002.

Wasu kuma sukan cire sukarin gaba ɗaya, wai gishiri ne magani. Ba haka ba ne. A tantanin hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyam na gishiri sai tare da gulukos, wato nau'in sukarin da hanji ke samu daga sukarin da aka sha: sodiyam biyu, gulukos ɗaya, sannan ruwa ya biyo bayansu zuwa jini. Wani masanin kimiyya, Robert Crane, shi ne ya fara bayyana yadda sodiyam da gulukos ke shiga tare a 1960. Abin da ya sa haɗin ke ceton rai shi ne, ko kwalara ba ta rufe wannan ƙofar. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh, Dakta Dilip Mahalanabis ya ba masu kwalara haɗin lokacin da ruwan ƙarin jijiya ya yi ƙaranci, mace-macen suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Sai awo. Fakitin ORS na lita ɗaya a juye shi duka a lita ɗaya, wato leda biyu na fiya wata mai santilita 50. Juye shi a kofi ɗaya na iya yi wa yaro illa saboda yawan gishiri. In babu fakiti: lita ɗaya na tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki ɗanɗana; kada ya fi hawaye gishiri.

In yaro ya yi amai, jira minti goma ki ci gaba da cokali-cokali, kuma kada ki yanke masa nono. Haɗin da ya kai awa 24 a zubar. Idan idanunsa sun faɗa, ya kasa sha, ko an ga jini a kashinsa, a tafi asibiti nan take.