Yadda ake bin diddigin taurarin ɗan Adam masu ɗaukar hoto su dawo ƙasa

Kafin zamanin kyamarar da ke aiko hoto ta iska, ƙasashe na harba tauraron ɗan Adam ɗauke da fim, ya yi kwanaki yana ɗaukar hotunan ƙasa, sannan ya jefo fim ɗin cikin wani kwanso mai laimar sauka. Amurka ta fara cin nasara a shirinta na Corona a watan Agusta 1960, inda jirgin sama ya cafe kwanson kusa da Hawai. Tarayyar Sobiyet ta biyo da Zenit a 1962, Sin kuma ta dawo da nata na farko a Nuwamba 1975. Rasha ce ta fi daɗewa a kai, har zuwa Kosmos 2505 da ta harba a 2015.

Abin da ya sa nake son matasanmu na Jidda da Makka da Madina su koyi wannan shi ne, tauraro ba ya iya ɓoye tafiyarsa. A 1966 wani malamin sakandare a garin Kettering na Ingila, Geoffrey Perry, da ɗalibansa suka bi sawun Kosmos 112, suka gano cewa daga wani sansani da Sobiyet ba ta taɓa ambata ba aka harbo shi, wato Plesetsk. Rediyo da lissafi kawai suka yi aiki da su. Wayar da ke aljihunka ta fi kayan aikinsu nesa ba kusa ba.

Fara da idonka. Buɗe shafin Heavens-Above, ka sa wurin da kake. Jidda tana wajen digiri 21.5 arewa, Madina 24.5. Zaɓi Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ko tashar Sin ta Tiangong, domin suna da haske, kuma su ma suna ƙasa-ƙasa kamar taurari masu fim. Ana ganinsu ne tsakanin magariba da bayan isha kaɗan, ko gab da asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska su a can sama. Laimar teku da fitilun Jidda kan dushe sama, don haka wanda ya samu hali ya hau Ɗa'if. Ka nisanci wuraren soja da filin jirgi, musamman in kana riƙe da madubin hangen nesa ko kyamara.

Daga nan sai lambobi. Kowane tauraro na da bayanai layi biyu da ake kira TLE, ana samunsu kyauta a CelesTrak. Tsofaffin kuma suna Space-Track, bayan ka yi rajista. Tun da masu fim sun daina tashi, nemo tarihin Kosmos 2505 daga watan Yuni zuwa Satumba 2015, ka zuba a Excel kwana bi kwana. Agogon bayanan na Girinwich ne, sai ka ƙara awa 3 ka samu na Saudiyya.

A layi na biyu, lambar da ke kusa da ƙarshe ita ce yawan zagayen da tauraron ke yi wa duniya a yini. Raba 1440 da ita, ka samu mintocin zagaye ɗaya. In ta nuna 16, minti 90 ke nan. Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka daɗe. Masu fim sun riƙa saukowa ƙasa da kilomita 200 domin hoto ya fito tas, a can kuwa akwai sauran iska da ke jan su. Kullum tauraron na ɗan nutsewa, zagayensa na gajarta, lambar na hawa. Rana ɗaya sai ka ga ta faɗo gaba ɗaya: an kunna inji an ɗaga shi. In ka zana jadawali, zai fito kamar haƙoran zarto. Kowane haƙori mai aka ƙona, kuma man da ke ciki na cikin abin da ke yanke kwanakin aikinsa.

Sai ka duba sawunsa a taswira da manhajar Gpredict. A minti 90 duniya na juyawa kusan digiri 22.5, shi ya sa kowane zagaye ke faɗawa yamma da na baya. Kwatanta sawun yau da na jiya. In yana gusawa a hankali, tauraron na share ƙasa ne yanki-yanki. In kuwa aka taɓa tsawon zagayen har sawun ya tsaya, yana bi ta kan wuri ɗaya kwana da kwana, to akwai abin da ake kallo a ƙarƙashinsa. Haka masu bibiya suka lura a yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoba 1973, lokacin da Sobiyet ta yi ta harba taurari a jere, tana sauko da wasu kafin kwanakinsu su cika don a wanke fim da wuri.

Gane ranar saukowa ya fi sauƙi. Tauraron da iska ta kayar, lambarsa na ta hawa da sauri har ta haura 16.3 kafin ya ƙone. Wanda aka sauko da shi da gangan kuwa, bayanansa na tsayawa cak yana cikin lafiyarsa. Duba zagayen ƙarshe, ka ga wanne ne ya ratsa ƙasar masu shi.

In hannunka ya faɗa, koma kan masu tashi yanzu. Sin ta dawo da Shijian-19 a Oktoba 2024, ko da yake na gwaje-gwajen kimiyya ne. Jirgin sararin samaniyar Amurka X-37B kuwa, tun tashinsa na farko a 2010 masu kallo daga gidajensu suka gano hanyarsa. Irin wannan aiki na buƙatar ka rubuta daƙiƙar da tauraron ɗan Adam ya gifta tsakanin taurarin sama biyu sanannu, ka tantance sunayensu a manhajar Stellarium, sannan ka saita agogon wayarka da intanet kafin ka fita.