Yadda za ka ƙara wa tsofaffin kwastomominka kuɗin wankin mota

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai wankin mota a Legas ya san abin da janareto ke ci. Ƙari ya zama dole, amma wanda ya shekara biyar yana kawo maka mota ba a yi masa kamar baƙo.

1. Ɗauki biro da takarda, ka lissafa abin da mota ɗaya ke cinyewa: mai, ruwa, sabulu, man goge taya da ladan yara. Daga nan za ka yanke farashi.

2. Sabbin zuwa su fara biya yau.

3. Tsohon kwastoma kuwa, sanar da shi tun da sauran wata guda, baki da baki. Kada ka bari sai an gama wanki, makulli na hannunsa, sannan yaro ya ce masa kuɗi ya canza. Wannan cin fuska ne. Same shi a kan benci yana jiran kafet ya bushe, ku gaisa sosai, ka ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, daga farkon wata wankin ciki da waje zai koma kaza. Ban so ka ji a bakin wani ba." Faɗi kuɗin ƙarara, ka tsaya nan. Yawan ba da haƙuri shi ke buɗe ƙofar ciniki.

4. Idan direba ke kawo motar daga Ikeja ko Agege, tura wa maigidan saƙon WhatsApp da kanka, kada a zargi bawan Allah da ƙara nasa.

5. Wanda ya nuna abin ya yi masa nauyi, ɗaga masa ƙafa wata ɗaya, ka faɗa masa ranar da rangwamen zai ƙare.